Dan Allah mene ne ainihin ma'anar "warped", kuma daga ina ta fito?

Ummu_Hanan: Salam 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Masu Turanci ku taimaka min da wata kalma dan Allah. Ina fassara wani sharhin jarida ne da za mu karanta a shirinmu na rediyo, marubucin yana magana kan masu ɗaukar doka a hannunsu, a yi ihun ɓarawo su taru su yi ta dukan mutum har sai ya daina motsi, sai ya ce irin waɗannan mutane suna da "a warped sense of justice". Na duba ƙamus ya ba ni lanƙwasasshe da karkatacce, to amma in na ce "lanƙwasasshen adalci" a rediyo wlh babu mai sauraron da zai gane inda na dosa. Kuma ina so in san me ya sa ya zaɓi warped bai ce wrong ko bad ba kawai, akwai wani abu ne a cikinta da waɗancan ba su da shi? Sannan asalinta fa, daga ina?

Ɗan_Fagge: Wa alaikissalam Anti. Anya ba wrapped ake nufi ba aka yi kuskuren bugawa? Wato naɗaɗɗe, kamar an naɗe gaskiya an ɓoye ta

Malam_Nahawu: A'a Ɗan_Fagge, kalmomi biyu ne daban, haruffan ne kawai suka yi kama, kuma ɗalibaina ma kullum suna haɗa su. Wrap shi ne naɗewa ko ƙunshewa, w ɗinsa ba a furta shi. Warp kuwa w ɗin ana furtawa, a ɗin kuma tana fita kamar o, irin yadda ake cewa war da warm, don haka warped a baki tana fita kusan "wopt". Malama Ummu_Hanan, ma'anarta ta farko ta masu aikin katako ce. Abu ne da da can yake a miƙe ko a shafe, sai zafi ko laima ko bushewa suka yi ta aiki a kansa a hankali har ya bar siffarsa. Ki riƙe waɗannan biyun, asalinsa miƙaƙƙe ne, kuma ba rana ɗaya ya karkace ba. Wrong ba ta ɗauke da wannan ko kaɗan, wrong kawai tana cewa ba daidai ba ne. Marubucinki yana cewa ne mutanen nan suna da son adalci a ransu, ba wai babu ba, amma wani abu ya yi ta cinsa har ya koma yana kai su ga kisa.

Ummu_Hanan: Allah ya saka da alheri Malam, yanzu na fara ganin haske

Kafinta_Kwangila: Allah gafarta Malam ka taɓo sana'ata. Ni ban yi zurfi a boko ba amma wannan abin da kuke kira warped kullum da shi muke kwana muke tashi. Katako ana kawo mana shi daga kudu yawanci ɗanye sharaf, ka ɗaga falanki ka ji nauyi ka san ruwa ne a ciki. Mai aiki kuma yana sauri, biki ya matso ana so a kai kayan ɗaki, ba zai yarda ka jira ya bushe ba. Ka haɗa ƙofa tsaf ka kafa ta tana rufuwa lafiya, sai iskar hunturu ta kaɗa, ka dawo ka tarar sama ta kama ƙasa ta buɗe baki har ka iya zura yatsa. Kuma ba iri ɗaya yake yi ba, wani ya gantsare a tsawonsa, wani gefensa biyu su ɗago tsakiya ta lotsa, wanda ya fi ɓata min rai shi ne mai murɗewa, ka ajiye shi a ƙasa kusurwa uku su zauna ta huɗun tana sama, wannan ko ka kai inji an goge shi asara ce don kafin ya miƙe kaurin ya ƙare.

Injiniya_Bello88: Baba Kafinta dalilin abin da ka faɗa shi ne katako baya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. In ka yanka gungume za ka ga wasu zobe-zobe a ciki, to tsukewar da yake yi ta bin zoben ta kusa ninka wadda yake yi daga tsakiya zuwa baya, ta tsawo kuwa kusan babu. Shi ya sa falankin da aka yanko daga gefen gungume ya fi saurin lotsawa. Kuma shi ya sa filawud bai cika yi ba, don an jera yadudduka ne ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye suna riƙe juna

Kafinta_Kwangila: Haka ne Injiniya. Mu dai abin da muka gada shi ne a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. Wanda ya jingina falanki da bango a rana ya gama da shi.

Ɗan_Fagge: To yanzu bent da warped duk ɗaya ne kenan?

Malam_Nahawu: Ba ɗaya ba ne. In ka sa ƙarfi ka tanƙwara rodi, bent ne. In mota ta bugi falwaya ta kwanta, bent ne. Bature ba zai ce warped a nan ba don akwai hannun da ya yi, kuma nan take. Haka fuskar wanda ciwo ya murɗa contorted ake cewa, muryar da lasifika ta ɓata distorted, alƙaluman ƙidaya da suka rinjaya gefe ɗaya skewed. Dukansu Bahaushe zai iya cewa sun karkace ko sun jirkice, amma Turanci ya raba musu gida.

Bakanike_Panteka: Mu ma muna da ita a gareji. Mota ta yi ofahitin direba ya ƙi tsayawa ya ci gaba da taka ta, top silinda musamman na alminiyom sai ya ɗan karkace, ido baya gani wallahi, sai ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai ka zura filageji, wato siririn ƙarfen auna rata, sannan ka ga akwai rata. Gasket ya ƙone, ruwa ya shiga baƙin mai ya yi fari-fari. A littafin gyaran mota warped suke rubutawa. In kaɗan ne a kai a goge shi a inji, in ya yi yawa sai dai a sayo wani. Abin da ke ba ni haushi masu zuba ruwan sanyi a inji yana tafasa, su ne suke jawo wa kansu

Baƙo_Maraɗi: Sallama gare ku. Nan wajenmu da Faransanci muka yi karatu, in ƙafar keke ko ta babur ta karkace tana rawa voilée aka cewa, in katako ne kuma gauchi ko gondolé. Ke nan su sun raba, Ingilishi ya haɗe su cikin kalma guda. Amma ban taɓa jin an ɗauki voilée an ɗora ma tunanin mutum ba, nan sai su ce tordu, wato murɗaɗɗe.

Hajiya_Leeds: Ummu_Hanan 'yar uwa bari in ƙara miki yadda nake jin ta a bakin mutane a nan Ingila, don ƙamus baya faɗin nauyin kalma. In aka ce wani yana da warped mind to magana ce mai nauyi sosai, irin wadda ake faɗa a kan wanda ya azabtar da yaro ko ya yi wani abin da hankali baya ɗauka, za ki gan ta a kanun jaridu bayan an yanke wa irin waɗannan hukunci. Amma in aka ce warped sense of humour ta yi sauƙi ƙwarai, abokan aikina ma'aikatan jinya da kansu suke faɗa wa kansu, wai aikin dare da ganin ciwo kullum ya sa suna dariya a abin da wani zai yi kuka. To kin ga kalma ɗaya ce amma abin da ta jingina da shi ne yake nuna zafinta. Shawarata ga masu koyo kar ka kuskura ka ce wa ogan ka ko malaminka your view is warped kana zaton kana nufin "ban yarda da ra'ayinka ba", zagi zai ɗauka, kamar ka ce masa kansa ba daidai yake ba.

Sadiya_BUK: Anti Hajiya nagode da wannan, da na sa ta a wata muhawara ta aji wlh. To asalin fa? Har yanzu ba wanda ya amsa wannan ɓangaren

Mai_Tsohon_Ƙamus: Sadiya ga shi, kuma asalin ya fi ma'anar ban mamaki. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila fiye da shekara 1000 da suka wuce, kalmar ita ce weorpan, kuma ma'anarta jifa. Jifa kawai, ka jefa dutse ko mashi ko taru. 'Yan uwanta suna nan da ransu, Bajamushe yana cewa werfen, mutumin Holan yana cewa werpen, duk jifa suke nufi har gobe. Mutanen Ayislan rediyo útvarp suke ce masa, wato jefawa waje, talabijin kuma sjónvarp, kin ga Ummu_Hanan aikinki ma na watsa shiri yana cikin dangin kalmar. Akwai wata 'yar dabba a Turai mai tona rami tana turo ƙasa sama, tsohon sunanta a Ingila mouldwarp, mai jefo ƙasa. Sai wajen shekarar 1400 aka fara ganin warp da ma'anar katako ya karkace, ɗora ta a kan tunani da halin mutum kuma ya biyo baya wajen 1600.
Abin da ya fi burge ni shi ne throw da muka sani yau da jifa, ita a tsohon Turanci thrawan ce kuma ma'anarta murɗawa ko juyawa, 'yar uwar drehen ta Jamusanci. Wato kalmomin biyu musayar gida suka yi, mai jifa ta koma murɗewa, mai murɗewa ta koma jifa. Ragowar tsohuwar ma'anar tana nan, maginin tukwane a Ingila in yana juya yumɓu a kan faifansa throw ake cewa yana yi, masu murza zaren siliki ma haka.

Sadiya_BUK: Ikon Allah. Amma ta yaya jifa zai koma lanƙwasa? Ni ban ga haɗin ba gsky

Mai_Tsohon_Ƙamus: Bayanin da masana suka fi kawowa shi ne mai jifa sai ya juya hannu da jiki kafin ya saki, don haka juyawa da jifa suna kusa a tunanin masu harshen, tushen kalmar na can baya ma ana danganta shi da juyawa ne. Wata hujjar kuma, cast da Turanci ya aro daga mutanen arewacin Turai, wadda ita ce ta fara ture warp daga ma'anar jifa kafin throw ta zo ta ture ta, ita ma tsofaffin kafintocin Ingila suna amfani da ita in katako ya karkace. Sau biyu kenan kalmar jifa tana komawa karkacewar katako, kamar dai suna ganin katakon ya fizge kansa ne ya fita daga layi.

Jikan_Masaƙa: Ranka ya daɗe Mai_Tsohon_Ƙamus ina da ja a nan. Ni a gidan saƙa na tashi, kakana da baffannina duk masaƙa ne, tun ina yaro nake taya su wadari, a kafa turaku a fili ka yi ta kai da komo da zare har ƙafa ta gaji. Da na shiga makarantar koyon sana'a aka ce mana zaren da ake wadarinsa, wanda yake miƙe a tsawon saƙa, shi ne warp, abawa kuma da take cikin ƙoshiya ita ce weft. To in warp jifa ce ai abawa ya kamata a ba sunan, don ita ake jefawa, ƙoshiya ce take tashi daga hannun dama zuwa hagu ta dawo. Zaren wadari kuwa yana nan a ɗaure ba ya zuwa ko'ina. Kuma abin da ya ƙara ɗaure min kai, a duk saƙa babu abin da ya kai shi miƙewa, an ja shi tam an ɗaure da dutse a can gaba, in ya saki saƙa ta lalace. Ta yaya sunan abu mafi miƙewa zai zama sunan karkacewa?

Mai_Tsohon_Ƙamus: Tambaya mai kyau wallahi, kuma ka fi ni sanin masaƙa. Warp ta saƙa tsohuwa ce sosai, tun tsohon Turanci take, wearp, ta girmi ma'anar karkacewa da ɗaruruwan shekaru. Yadda ake bayaninta shi ne zaren da ake jifa a kansa, wato shi ne filin da ƙoshiya take ratsawa. Ba daga saƙa ma'anar karkacewa ta fito ba, rassa biyu ne daga tushe ɗaya kowanne ya kama gabansa.

Jikan_Masaƙa: Na ji amma raina bai kwanta ba. Ni na fi ganin daga wadarin ne kansa, don mai wadari ai jefa zaren yake yi a bayan turke in ya kai ƙarshe ya juyo. Wanda ya taɓa yi zai gane abin da nake nufi

Alhaji_Kwatano: Ku bari in shigo da tawa. Ni harkar motoci nake, waɗanda muke kira Beljiyam, kuma yawancinsu daga tashar jirgin ruwa ta Antwerp ake lodo su. Da na je garin an kai ni dandalin tsakiyar birni gaban ofishin magajin gari, akwai mutum-mutumin wani saurayi ya ɗaga yankakken hannu zai wurga. Suka ce wai wani ƙato ne a da yake tare kogin Scheldt yana karɓar kuɗin fito, wanda ya ƙi biya ya sare masa hannu, sai wani soja Brabo ya kashe shi ya sare nasa ya jefa a kogi, wai daga hand werpen, jefa hannu, aka sami sunan garin. Da na ga werpen a bayanin Mai_Tsohon_Ƙamus na sama sai na tuna

Mai_Tsohon_Ƙamus: Alhaji mutum-mutumin gaskiya ne, tun 1887 yake wurin, amma labarin ƙaton tatsuniya ce, masana harshe ba su ɗauke shi asalin sunan ba. Ɗaya daga bayanan da ake kawowa shi ne ƙasar da kogi ya turo ya tara a gaɓa. Ko a Ingila ma manoman yankin kogin Trent suna kiran laka da ruwa ya kawo ya zube a gona warp, har da gangan suke buɗe wa ruwan hanya ya shiga don ƙasa ta yi kyau. Duk jifan ne dai.

Ɗan_Fagge: To ni wani abu ya rikita ni. Lokacin korona a 2020 Amurka ta yi wani shiri na samar da rigakafi da gaggawa suka sa masa Operation Warp Speed. In warp karkacewa ce, karkataccen gudu kenan? Wa zai sa wa shirin magani irin wannan suna

Teacher_Physics: Ɗan_Fagge wannan ta wata ƙofa ta shigo. A 1915 Einstein ya kawo bayanin cewa abu mai nauyi irin rana yana lanƙwasa sarari da lokaci da ke kewaye da shi, kuma wannan lanƙwasar ce muke ji a matsayin jan da ƙasa take mana. An gwada a kusufin rana na 29 ga Mayu 1919, masanin taurari Arthur Eddington ya je tsibirin Principe nan cikin tekun Gini kusa da mu, wata tawagar ta je Sobral a Brazil, suka ɗauki hoton taurarin da ke kusa da rana aka ga haskensu ya ɗan kauce kamar yadda lissafin ya ce. Masu rubuta wa jama'a bayanin kimiyya sai suka riƙa cewa sarari ya zama warped. Daga nan masu ƙagaggun labaran sararin samaniya suka ɗauka, suka ce in za ka iya naɗe sararin da ke gabanka ai za ka isa inda haske ma bai isa ba, shirin talabijin na Star Trek da ya fara a 1966 shi ya yaɗa warp speed har ta shiga bakin kowa a Amurka da ma'anar gudun da ya wuce misali. To sunan shirin rigakafin daga nan ne, ba ruwansa da karkacewa. Kuma lanƙwasar lokacin ba tatsuniya ba ce, agogon da ke cikin taurarin ɗan adam na GPS yana wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, sai an gyara lissafin sannan taswirar wayarka take nuna daidai.

Baba_Garmaho: Yara kun kai mu sama, ni bari in dawo da ku ƙasa. Mu da muka yi zamanin faifai mun san wannan abu tun kafin mu san sunansa. Na farkon masu kauri fashewa suke yi in sun faɗi, amma na roba da suka zo daga baya rana ce maganinsu, ka manta shi a bayan mota ko kusa da taga da azahar, ka dawo ka ga bakinsa ya yi tudu da kwari. In ka ɗora shi allura tana hawa tana sauka, muryar mawaƙin tana ja tana saki kamar mai jin barci. Waƙar tana nan ba abin da ya ɓace a cikinta, kowace kalma za ka ji, amma ba za ka iya saurare ba. A jikin kwalin wasu har gargaɗi ake rubutawa a nisanta shi da zafi

Ummu_Hanan: Baba wannan ya taimaka min fiye da yadda kake zato. To jama'a mu dawo kan jimlata dan Allah don gobe da safe za mu naɗi shirin. Ga abin da nake juyawa: "gurguwar fahimtar adalci", ko "gurɓataccen tunani kan adalci", ko "bauɗaɗɗen adalci". Wanne ya fi?

Malam_Nahawu: Gurguwar fahimta ita kunne ya fi sabawa da ita amma tana nuna ƙarancin sani ne, wanda bai gama gane abu ba, a yi masa bayani ya gyara. Masu dukan nan ba bayani suka rasa ba. Gurɓata kuma ta ruwa ce, wani abu ya shigo daga waje ya haɗu da shi. Ni da zan bar neman sifa in yi jimla, in ce "tunaninsu game da adalci ya riga ya karkace". Riga ɗin nan ita za ta ɗauko miki daɗewar da ke cikin warped.

Barista_A: Malam ina girmama iliminka amma a nan ina da damuwa, kuma ba da fassararka kaɗai ba har da kalmar Turancin kanta. Duk misalan da aka kawo tun sama, katako, top silinda, faifai, babu wanda ya zaɓi ya karkace, rana ce da ruwa suka yi masa. In muka ce tunanin masu kisan nan "ya karkace" kamar muna cewa ba laifinsu ba ne, yanayi ne, rashin yarda da 'yan sanda ne, jinkirin kotu ne. Na san waɗannan matsaloli gaskiya ne, a cikinsu nake aiki kullum, na ga wanda aka kama da kayan sata dumu-dumu ya riga mai kayan komawa gida. Amma na kuma zauna da uwar da aka kashe wa ɗa a kan wayar da daga baya aka gano ba shi ya ɗauka ba. Wanda ya ɗauki dutse ya san abin da yake yi. Ni bauɗaɗɗe na fi so, don mai bauɗewa yana ganin hanya ya bar ta da ƙafarsa.

Hajiya_Leeds: Barista na fahimce ka kuma maganar uwar nan ta taɓa ni, amma a yadda masu harshen suke amfani da ita babu uzuri a ciki ko kaɗan. In alƙali ko ɗan jarida a nan ya ce warped to la'anta ce, ba tausayi ba. Ba wanda yake tuna katako in yana faɗa

Barista_A: Su ba sa tunawa Hajiya, amma mai sauraron Hausa da zai ji "ya karkace" zai iya jin uzurin. Fassara ai don shi ake yi

Kafinta_Kwangila: Barista ni dai a wajenmu in ƙofa ta karkace ba a zagin rana, kafinta ake nema, don shi ya san katakon ɗanye ne ya yi aiki da shi. Ko an ce ya karkace akwai mai laifi

Sadiya_BUK: Ni ina ganin marubucin da gangan ya zaɓe ta don ta ɗauki biyun, laifin su da kuma abin da ya kai su. In da laifin kawai yake so ai da evil ko cruel zai ce. Anti Ummu ko za ki haɗa, "adalcin da suke taƙama da shi karkatacce ne"? Taƙama ɗin ta ɗora musu alhakin

Baƙo_Maraɗi: Murɗaɗɗe fa? Ba wanda ya ambace ta. Murɗaɗɗen mutum ai kowa ya san mi aka nufi

Malam_Nahawu: Murɗaɗɗe a wajenmu ta fi tafiya ga mai wuyar sha'ani, wanda ba a gane gabansa da bayansa, ba lallai mugu ba. Kuma ita ce ta fi dacewa da twisted. Ta Sadiya ba laifi, sai dai ta ƙara wa marubucin abin da bai faɗa ba, shi bai ce suna taƙama ba.

Ummu_Hanan: Na rubuta uku a takarda, ta Malam da ta Barista da ta Sadiya, zan karanta su da ƙarfi a gaban mai gabatar da shirin mu ji wadda ta fi zama a baki, don wani lokacin abin da ya yi kyau a rubuce in an furta sai ya yi nauyi. Barista in ka yarda zan so mu gayyace ka wani shirin a kan maganar ɗaukar doka a hannu ita kanta, zan yi maka magana ta inbox

Barista_A: Ba damuwa Malama, in dai ba ranar zaman kotu ba ce

Jikan_Masaƙa: Mai_Tsohon_Ƙamus har yanzu ina jiranka a kan maganar wadari fa. Kuma weft ɗin ita daga ina ta fito, ita ma jifa ce?

Mai_Tsohon_Ƙamus: A'a ita daga wefan take, tsohuwar kalmar da ta zama weave, wato saƙa kanta. Maganar wadari kuma ka ɗauko min hoton yadda kuke juya zaren a bayan turke in ka je gida, ina so in gani da idona kafin in ce komai.